Motar Baba da Soron Inna

Akwai wani magidanci a garin Haɗejiya mai suna Nu'uman, manomin shinkafa da alkama a fadama. A faɗi gaskiya tun farko, ba mugun mutum ba ne. Ba ya yawon banza, ba a taɓa jin ya ɗaga wa matarsa Jannatu murya ba, kuma duk safiya sai ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa kafin ya fita. Aibinsa guda ne: in abu ya shiga ransa, to duniya ma sai dai ta jira shi.

Abin da ya shiga ransa a waccan shekarar kuwa mota ce.

Tsohuwar gingimari ce mai dogon hanci da bodin katako, ta mahaifinsa marigayi Alhaji Hamman. Da ita Alhaji ya riƙa kai bandar kifi Kudu, ya dawo da goro da manja. Tun da ya rasu take ajiye a kangon bayan gida, an ɗora ta a kan duwatsu. Kaji sun mai da wurin zaman direba akurki, awaki kuma suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Da haka za ta ƙare, ba don wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya zagaya ta, ya buga ta da ƙafa, ya ce a sayar masa ya yanka ba. Maganar ta soki Nu'uman. Ya kori mutumin, ya tsaya yana kallon motar har rana ta ƙona masa ƙeya, sannan ya yi alkawari a ransa cewa sai ta sake hawa titi.

Washegari ya nemo Zarami, wani tsohon bakanike wanda a ƙuruciyarsa shi ne karen motar Alhaji. Zarami ya shafa hancin motar kamar mai gaida tsohon aboki, ya ce injin irin wannan ba ya mutuwa, barci kawai yake yi. Wannan magana ita ta ƙarasa Nu'uman.

A cikin gidan kuwa akwai wani abin da shi ma yake jiran gyara, wato soron Inna Kulu, mahaifiyarsa.

Ɗakin ƙasa ne tun na kakanni. Nan aka kawo ta amarya, nan ta haifi 'ya'yanta, nan ta yi jinyar mijinta har ya cika. 'Yarta Mairam, wadda ke aure a garin Malam Madori, ta sha roƙonta ta koma wajenta, ga ɗaki na siminti ga fanka. Inna Kulu ta ƙi. Ita dai a bar ta a ɗakinta, inda ko ido rufe ta san wurin butarta da na carbinta.

Sai dai daminar da ta wuce ta taɓa soron. Rufin ya tsage ta wajen gabas, ruwa ya jiƙa azara har wasu suka fara ruɓewa. A lokacin Nu'uman ya hau ya shimfiɗa tamfol ya danne da duwatsu, ya ce wa Inna ta yi haƙuri, da bazara ta shigo za a sauya azarar a yi sabon yaɓe.

Bazara ta shigo. Aka yanke alkama, aka kwashe buhuna, hannun kowa ya sarara.

A unguwarsu ta kusa da kogi, wannan shi ne lokacin gayyar yaɓe. Mazan unguwa ke haɗuwa su bi gida-gida. Mai gida zai haƙo laka, ya zuba mata ciyawa da ƙaiƙayi, ya kwaɓa ya bar ta tana ruɓewa, yana yayyafa mata ruwa kada ta bushe. Ranar da aka sa masa sai jama'a su zo, wasu a ƙasa suna miƙawa, wasu a sama suna yaɓawa, matan gida kuma suna dama kunu. Dokar ba a rubuce take ba amma kowa ya santa: ka je wa mutane, su zo maka.

Mai tsara wannan zagaye shi ne Malam Bitrus, tsohon malamin makaranta ɗan Kudancin Kaduna, wanda ya daɗe a unguwar har Hausarsa ta koma ta Haɗejiyawa. Gidansa na bulo ne da kwano, ba ya bukatar yaɓen kowa. Duk da haka shi ne na farkon zuwa kowace gayya, da guga a hannu da tsohon wandonsa a naɗe.

Aka yi gayyar farko, Nu'uman yana Kano neman famfon gas. Aka yi ta biyu, yana wajen mai walda ana liƙe lagireto. Ta uku kuwa yana gari, amma yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya ji gangar gayya sarai, ya ce wa kansa bari ya ɗaure wannan notin tukuna. Kafin notin ya ɗauru an yi sallar azahar, an watse.

Duk wanda ya taɓa zama da mai gyaran tsohuwar mota ya san yadda abin yake. Kullum saura kaɗan. A gyara birki, kuloci ya ce ga ni. A samo taya, a tarar gindin giya ya fashe. Nu'uman ya rame, idonsa ya faɗa, faratansa suka yi baƙi ƙirin da baƙin mai. In ya shigo gida bayan magariba ko abincin kirki ba ya iya ci, sai ya zube a tabarma yana lissafa wa Jannatu sunayen ƙarafan da ba ta san su ba.

Ita ma Jannatu ta gaji, amma tata gajiyar ba mai ganinta. Ita ke ɗebo ruwa daga rijiya tana yayyafa wa lakar da aka kwaɓa, safe da yamma, don kada zafin bazara ya mai da ita dutse. Ita ke shiga ɗakin Inna ta share ƙasar da ke zubowa daga rufi. Ita ke ƙirƙiro uzuri in matan maƙwabta sun tambayi dalilin da ba a ga maigidanta wajen gayya ba, har uzurin ya ƙare ta koma murmushi kawai.

Ta yi masa magana a hankali, ta yi da wasa, ta yi da fushi. Rannan da yake wanke hannu da kalanzir ta tsaya a kansa.

"Baban Khalid, shamuwa fa ta dawo. Na gan su jiya a kan kukar bayan masallaci."

Ya ce shamuwa ba ita ke saukar da ruwa ba. Ya ƙara da cewa shi yaɓen ƙasa ma ya fita ransa, aikin da ne. In motar nan ta tashi ta fara jigilar shinkafa, rufin kwano zai yi wa Inna, har da silin, a huta da kwaɓa laka duk shekara.

Jannatu ta ce, "Kwanon yana gaba. Ruwan kuma yana kan hanya."

Ya goge hannu ya fita.

Ganin zagaye ya kusa ƙarewa, Malam Bitrus ya tara mutane a ƙofar gidansa. Wasu suka ce wanda bai zo wa kowa ba, ba wanda zai je masa, kuma gaskiya suka faɗa. Malam Bitrus ya ce ya ji, amma su tuna ba Nu'uman ke kwana a soron ba. Akwai wanda a cikinsu bai taɓa shan furar Inna Kulu ba? A ƙarshe aka sa ranar Asabar.

Nu'uman ya yi godiya ƙwarai, har ya ji kunya ta kama shi. Ya yi niyya, wannan kam ba musu. Jannatu ta jiƙa gero, ta tanadi wake da rogo na ɗanwake.

Da asubar Asabar ɗin wayarsa ta yi ƙara. Zarami ne. Wai ya sami labarin ana yanka wata mota irin tasu a Nguru, kuma akwatin giyarta lafiya lau yake. In ba su isa da wuri ba, masu ƙarafa za su loda shi su tafi, kuma Allah kaɗai ya san inda za a sake samun irinsa.

Nu'uman ya tsaya a tsakar gida, waya a hannu, yana kallon tulin laka. Ya ce wa kansa Nguru ba nisa, kafin hantsi ya dawo. Ko Jannatu bai iya kallo ba da zai fita, daga zaure ya ɗaga murya ya ce a ba mutane haƙuri su fara, yana tafe.

Ya manta, ko kuma ya yi kamar ya manta, cewa ba a fara irin wannan aiki babu mai gida. Maza ba sa kutsawa cikin gidan matan aure su hau soro suna leƙa tsakar gida alhali maigidan ba ya nan. Mutane suka zo da tsani da kwanduna, suka zauna a zaure. Aka fito musu da kunu suka sha. Rana ta ɗaga, inuwar bango ta janye. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna karkaɗe riga, kowa ya kama gabansa. Malam Bitrus ne na ƙarshe, ya aika a ce wa Inna Kulu ta yi haƙuri.

Nu'uman bai dawo ba sai bayan la'asar, da akwatin giya a bayan wata a-kori-kura, fuskarsa cike da murna. Ya tarar da roba cike da ɗanwake ya sandare, ba wanda ya taɓa. Daga ranar Jannatu ta daina yayyafa wa lakar ruwa, kuma ba ta sake ɗaga masa maganar ba. Shi kuwa sai ya ɗauki shirun nata a matsayin sauƙi.

Bayan wannan sai iskar bazara ta fara tashi, mai kwaso yashi daga busasshiyar fadama. Injin motar a buɗe yake, an cire masa kai. Zarami ya ce in yashi ya shiga ciki, duk wahalar da suka sha ta tashi a banza, dole a nemo abin rufewa.

Nu'uman bai yi nisa wajen nema ba. Ya jingina tsani a bangon soron Inna, ya hau, ya ture duwatsun, ya naɗe tamfol. Ya ga tsagar ta buɗe har hannu zai shiga. Amma ya ɗaga kai ya ga sama fes, ko ɗigon gajimare babu, sai ya ce aro ne na 'yan kwanaki.

Yana shirin saukowa ya ji muryar Inna Kulu daga ciki. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa.

"Wane ne a kaina?"

"Ni ne, Inna. Tamfol zan ara, zan dawo da shi."

Ta ce, "To. Allah ya taimaka. Ka dai sauka a hankali, azarar ba ta da ƙarfi."

Ko a nan da ya tsaya ya saurari abin da ta faɗa, da labarin ya canza. Tsohuwa tana kwance a ƙarƙashin azarar, amma tsoron da take ji na kada ɗanta ya faɗo ne.

'Yan kwanaki suka zama makonni. Aka rufe inji, aka ɗaura giya. Kafinta ya zo ya sabunta katakon bodi. Mai fenti ya shafe ta da kore da ja, ya zana furanni da dawisu a jikinta kamar yadda take a zamanin Alhaji. Tamfol ya tashi daga rufe inji ya koma kare sabon fenti daga ƙura. Zafi ya tsananta, iska ta tsaya cak, gumi ya hana kowa sakat. Kowace yamma gabas takan yi duhu ta washe, manoma suna ta gyaran gona suna kallon sama.

Ranar da abin ya faru, Laraba ce bayan la'asar. Mai fenti ya gama shafa na ƙarshe ke nan. Zarami ya haɗa batir, ya yi bisimilla, ya ce wa Nu'uman ya murza.

Motar ta yi tari. Ta sake yi. A karo na uku ta kama da wani irin ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe kangon, kaji suka watse. Nu'uman ya riƙe sitiyari yana jin karkarwar injin har cikin ƙirjinsa, hawaye na zubo masa. Wannan ƙarar ce yake ji yana yaro in mahaifinsa ya dawo daga tafiya. Zarami ya zauna a kan taya yana dariya yana share ido da hularsa.

Ba wanda ya lura da gabas sai da iska mai sanyi ta bugo su. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya taso tun daga wajen Kirikasamma, yana tafe da sauri.

Jannatu ta leƙo ta ƙofar baya, iska tana fizgar hijabinta. Rabonta da yi masa maganar soro tun ranar gayya.

"Baban Khalid, tamfol."

Nu'uman ya dubi tamfol ɗin a ƙasa. Ya dubi motar, fenti ɗanye yana sheƙi, ba a ma mayar da murfin inji ba. Ya dubi tsani can a jingine. Ya san abin da ya kamata, ya sani sarai, kada wani ya ce ruɗewa ya yi. Amma sai ya ce ruwan farko ba ya daɗewa, iska ce kawai za ta yi ta wuce. Ya ce ta je ta ce wa Inna ta koma ɗakin ita Jannatu kafin a ɗauke.

Jannatu ta ce ta riga ta faɗa mata, ta ce ba inda za ta, ɗanta ya ce zai dawo da tamfol.

"Ki sake lallaɓa ta. Ga ni nan."

Ta kalle shi, irin kallon da ba fushi a cikinsa sai gajiya, ta juya.

Shi da Zarami suka ja tamfol suka lulluɓe motar, suka ɗaure kowace kusurwa da igiya. Suna gamawa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Suka faɗa gaban mota suka rufe ƙofa. A ciki ba ko ɗigo. Zarami ya shiga ba shi labarin wata tafiya da suka yi da Alhaji a irin wannan ruwa, Nu'uman yana ji yana murmushi, yana cewa a ransa da an tsagaita zai shiga gida.

Ruwan bai tsagaita ba. Ƙararsa a kan tamfol ta toshe musu kunne, ba su ji komai daga cikin gida ba.

Sai da aka buga ƙofar motar da ƙarfi. Nu'uman ya buɗe. Malam Bitrus ne tsaye cikin ruwa, ba hula, laka har gwiwar hannu, yana haki irin na tsofaffi.

"Malam Nu'uman, na shiga gidanka babu izininka, ni da mutum uku. Ka yafe mana. Ihun iyalinka muka ji." Ya share ruwa daga fuskarsa. "Soron ya rufto. Mun ciro ta, tana da rai. Amma ƙafar ta karye."

Nu'uman bai san yadda ya sauko daga motar ba. Ya tarar da Inna kwance a ɗakin Jannatu, jikinta duk laka, tana salati a hankali. Jannatu na riƙe da kanta, hannayenta sun farfashe wajen tonon ƙasa. Mutanen da suka cika tsakar gidan kuwa su ne waɗanda suka zauna a zaurensa ranar Asabar har rana ta kore su. Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ma ya kalle shi. Suka ɗauki tsohuwar a kan ƙyaure suka yi asibiti da ita, yana bin su a baya kamar baƙo.

Karayar a cinya take, kuma ƙashin tsufa ba ya saurin haɗuwa. Mairam ta iso washegari. Ta shiga ta ga uwarta, ta fito ta je gida ta ga soron, rabinsa a ƙasa, gadon Inna cike da taɓo. Ta zagaya baya ta ga mota tsaf a lulluɓe. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ce kawai in an sallami Inna, Malam Madori za ta tafi da ita.

Nu'uman ya dogara da abu guda, cewa Inna ba za ta yarda ba, don ba ta taɓa yarda ba. Ya durƙusa a gefen gadon asibiti ya ce ta yafe masa, zai gina mata sabon ɗaki, kafin nan ta zauna a nasa.

Inna Kulu ta yi magana, idonta a kan silin.

"Na yafe maka tun ina ƙarƙashin ƙasar. Amma zan bi 'yar'uwarka." Ta numfasa. "Da ruwan ya fara zubowa, Jannatu ta ja ni na ƙi tashi. Ina ta sauraron takunka a sama. Na ce yanzu zai hau. Har azarar ta karye ina cewa yanzu zai hau."

Ya kifa kansa a bakin gadon.

Ranar tafiya aka rasa motar da za ta kwashe kayan Inna, gadon ƙarfe da akwatuna da tukwane da turmi da randar da ta zo da ita tun aure. Mairam ta dubi yayanta ta ce, "Yaya, ai na ji an ce motar ta tashi."

Haka aka loda. Inna da Mairam suka shiga ƙaramar mota suka yi gaba, Nu'uman ya biyo su da gingimari.

Tun daga bakin kasuwa mutane suka fara tsayawa suna kallo. Tsofaffin direbobi a tasha suka miƙe suna ɗaga hannu, wani ya gane ta ya ce wallahi motar Alhaji Hamman ce ta dawo. Masu babura suka riƙa binta suna ɗaukar hoto da waya. Wani ya matso ta taga ya ce Allah ya yi wa ɗan da ya raya sunan ubansa albarka. Duk abin da Nu'uman ya yi ta mafarki yana kwance cikin baƙin mai, ga shi ya samu, ba abin da ya ragu. Injin ko tari bai yi ba har Malam Madori. Shi kuwa duk ramin da ya faɗa sai ya ji tukwanen Inna suna karo da juna a baya, ya rasa hannun da zai ɗaga ya amsa gaisuwar.

Ya dawo gida da mota fayau, ya ajiye ta a kango.

Daminar nan bai huta ba. In ya taso daga gona sai ya kama aikin ɗaki. Ya rushe abin da ya rage, ya sa bulo, ya yi rufin kwano da silin, ya buɗe taga ta gabas yadda take so. Malam Bitrus yakan zo da gugansa ya taya shi ba tare da an kira shi ba, kuma ko sau ɗaya bai tayar da tsohon zance ba. Jannatu ta shafe daɓen, ta rataya labule, ta ajiye sabuwar buta a bakin ƙofa.

Da aka gama, Nu'uman ya shirya ya tafi Malam Madori. Ya tarar da Inna a tsakar gida a kan kujera, sanda a gefenta, ta ƙara tsufa ƙwarai. Ya gaishe ta, ya nuna mata hoton ɗakin a waya. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka.

Ya ce to ya zo ne ya mai da ita gida.

Ta miƙa masa wayar. "Wannan ɗakin ban san shi ba," in ji ta. "Nawa ya riga ya faɗi. Kuma na gaji da tashi. Ka bar ni nan, ka riƙa zuwa."

Yana zuwa kuwa, duk Juma'a, ba ya fashi. Amma yakan dawo shi kaɗai.

Ruwan ƙarshe na wannan damina da rana tsaka ya sauka, mai ƙarfi, har kogi ya ɗago. Nu'uman ya shiga sabon ɗakin ya tsaya, ya bi kowace kusurwa da ido yana neman yoyo. Babu ko ɗaya. Rufin ya riƙe tsaf. Ya zauna a ƙasa a ɗakin da ba kowa, ya jingina da bango, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Darasi: 'Yan'uwa, ba laifi ba ne mutum ya so wani abu ya ba shi ƙarfinsa, ko mota ce, ko gini, ko sana'a. Laifin shi ne ka riƙa ce wa na gida su jira saboda ka san ba za su yi maka ƙorafi ba. Ƙarfe zai iya jiranka shekara da shekaru ka dawo ka same shi inda ka bar shi, amma uwa da mata da maƙwabci ba haka suke ba, kuma damina ba ta tambayar ko ka shirya. In akwai wanda yake zaune yau yana sauraron takunka, ajiye abin da ke hannunka ka je. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san bakinsa ya saba da "saura kaɗan", wataƙila ya iske shi kafin hadari ya haɗu.